Shin horon ƙwaƙwalwa na niyurofidbak yana maganin rashin barci da fargaba?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar gwadawa da kansu. Yau kusan shekara biyu ke nan barci yana ba ni wahala. Nakan kwanta a gajiye liƙis, amma da zarar na kashe fitila sai tunani ya taso mini, zuciyata ta riƙa bugawa, in yi ta juyi har ƙarfe biyu ko uku na dare, kuma ko da barcin ya ɗauke ni, ƙaramin motsi ya isa ya tashe ni. Da rana kuma akwai wata fargaba da ke zaune a ƙirjina wadda ba zan iya nuna dalilinta ba. Likita ya rubuta mini ƙwayar barci, ta yi aiki a makonnin farko, daga baya ƙarfinta ya ragu, ni kuwa ba na son a ƙara mini yawanta.

Kwanan baya wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani magani da ake kira niyurofidbak, inda ake manna wa mutum wayoyi a ka, yana kallon allo, ƙwaƙwalwarsa tana koyon natsuwa da kanta ba tare da ƙwaya ko allura ba. Da na bincika sai aka ce mini sai na yi zama 30 zuwa 40 kafin a ga cikakken sakamako, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Shin da gaske abin yana aiki, ko kuwa zaƙin bakin masu talla ne? Yana da illa? Kuma idan na fara, zan iya ajiye ƙwayar da nake sha?

Mai Haƙuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya. Ni na yi wannan horo, zama 24, saboda irin matsalar da kika bayyana, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani.

Ana zaunar da ke a kujera mai daɗi, a goge wani wuri a tsakiyar kanki, a manna ɗan faifan ƙarfe da wani mai mai danƙo, a maƙala wasu biyu a kunnuwa. Babu wutar da ke shiga kanki, wayoyin saurare kawai suke yi. Sai a kunna miki hoto mai motsi a allo. Idan ƙwaƙwalwarki ta yi irin bugun da ake so, hoton ya yi haske ya ci gaba da tafiya, idan ta kauce sai ya dusashe ko sautin ya ragu. Ba a ce miki ki yi tunanin kaza ba, aikinki kawai ki zauna ki bar hoton ya yi haske, kuma zaman yakan ɗauki kamar minti 30 zuwa 45. A zama biyu na farko na fita da ɗan ciwon kai da gajiya, daga nan ban sake jin komai ba. Wajen zama na goma na lura ina yin barci da wuri, kuma fargabar safiya ta ragu. Ban ce na warke sarai ba, amma na samu sauƙi ƙwarai, kuma ban yi nadamar kuɗina ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Malama Uwar Biyu, sannu da jiki. Aikina shi ne ɗaukar awon ƙwaƙwalwa da na'urar EEG, wato ita wannan na'urar da horon ya dogara a kanta, saboda haka ki yi haƙuri da tsawon bayanina. Ban musanta sauƙin da Malam Mai Haƙuri ya samu ba. Abin da nake so mu tantance shi ne daga ina sauƙin ya fito, domin amsar wannan ita ce za ta nuna ko ya dace ki kashe kuɗinki a nan ko a wani wuri.

Tushen abin gaskiya ne. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki da ɗan ƙaramin lantarki, kuma likitan nan na Jamus, Hans Berger, shi ne ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan ɗan Adam a 1924, ya wallafa sakamakonsa a 1929. Ana rarraba bugun wannan lantarki gwargwadon saurinsa. Wanda bai kai sau 4 a daƙiƙa ba shi ne delta, na barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 tita ne, na gyangyaɗi. Daga 8 zuwa 12 alfa ne, wanda ke bayyana idan mutum ya rufe ido yana hutawa. Sama da haka kuma bita ne, na farkawa da aikin tunani. An sha samun cewa masu fama da rashin barci suna da yawan bugu mai sauri a lokacin da suke ƙoƙarin yin barci, har ma a cikin barcin, kamar dai ƙwaƙwalwar ta ƙi sauka daga gadi. Don haka tunanin a koya mata sauka ba shirme ba ne.

Horon da aka fi yi wa masu rashin barci ya samo asali ne daga kyanwoyi. A shekarun 1960 wani mai bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, Barry Sterman, ya lura cewa idan kyanwa ta tsaya cik tana a farke, wani bugu na sau 12 zuwa 15 a daƙiƙa yana fitowa daga sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da motsin jiki. Sai ya riƙa ba su lada duk lokacin da bugun ya fito, suka kuwa koyi yawaita shi. A 1970 shi da abokan aikinsa suka bayar da rahoton cewa kyanwoyin da aka horar suna yin barci mai ƙarancin katsewa, kuma wani bugu na musamman da ke fitowa a barci, wanda siffarsa a takardar awo ta yi kama da mazari, ya ƙaru a wurinsu. Saurin mazarin barci kusan ɗaya yake da saurin bugun da aka horar, wanda ake kira SMR, shi ya sa aka yi zaton duk wanda ya ƙarfafa ɗaya da rana ya ƙarfafa ɗayan da dare. Zato ne mai kyau, kuma a farkon shekarun 1980 wani masanin barci, Peter Hauri, ya gwada shi a kan mutane ya samu alamun amfani ga wasu daga cikinsu.

Matsalar ta taso ne da aka tsananta gwaji. A Jami'ar Salzbag ta ƙasar Ostiriya akwai wani masanin barci, Manuel Schabus, wanda shi kansa ya wallafa bincike a 2014 mai nuna cewa horon yana taimakawa. Maimakon ya tsaya a nan, sai ya sake gwajin da tsari mafi tsauri, aka buga sakamakon a mujallar Brain a 2017. Kowane majinyaci ya yi zama 12 na horon gaskiya da zama 12 na horon bogi, inda allon yake amsa wani bugun daban da ba shi ne ake nufi ba, kuma daga majinyacin har mai kula da shi babu wanda ya san wanne ake yi a ranar. Sun kuma kwana tara a ɗakin gwaji ana auna barcinsu. Majinyatan sun ce barcinsu ya gyaru, amma gyaran da suka ji bayan horon bogi daidai yake da wanda suka ji bayan na gaskiya, kuma awon na'ura bai nuna canji a tsarin barcin ko a mazarin ba. Ina girmama wannan bincike musamman saboda mai shi ya rushe ginin da ya fara ɗorawa da hannunsa, abin da ba kowane malami ke iyawa ba.

To, me ya sa mutane ke samun sauƙi? Ki duba abin da ke cikin zaman ban da wayoyin. Mutumin da bai saba zama shiru ba ya zauna minti 40 ba waya ba hayaniya, sau biyu ko uku a mako, yana numfashi a hankali, ga wani yana tambayarsa yadda ya kwana yana kuma saurarensa, ga na'ura mai kwarjini da ke sa shi yarda cewa an kama bakin zaren matsalarsa. Rashin barci kuwa ciwo ne da tsoron rashin barcin ke ciyar da shi, saboda haka duk abin da ya rage tsoron zai rage ciwon. Ƙari a kan haka, mutane sukan nemi magani ne a lokacin da abin ya fi tsanani, kuma daga ƙololuwa babu inda za a nufa sai ƙasa, ko an yi magani ko ba a yi ba.

Akwai kuma wani abu da mu masu aikin muka sani. Lantarkin ƙwaƙwalwa da ke isowa fatar kai ƙanƙane ne matuƙa, ana auna shi da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, wato ma'aunin ƙarfin lantarki, alhali na tsokar muƙamuƙi da goshi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan kika cije haƙora ko kika ƙifta ido, allon zai nuna. Sau da yawa abin da mutum ya koya a kujerar shi ne sakin tsokar fuskarsa, wanda abu ne mai amfani, sai dai ba ya bukatar zama 40.

Malama Mai Nasiha ta rubuta:

Na gode wa Malam Ma'aikacin Ɗakin Gwaji, kuma a kan rashin barci ba ni da ja. Sai dai ina ganin bai kamata a yi wa fargaba kuɗin goro da shi ba, domin tarihin binciken nata daban ne, kuma har yanzu ba a rufe babinsa ba.

Horon ƙara bugun alfa, wanda aka fi dangantawa da fargaba, ya girmi na Sterman. Wani mai bincike, Joe Kamiya, ya fara shi a Jami'ar Shikago a ƙarshen shekarun 1950, inda ya nuna cewa mutum zai iya koyon gane lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke cikin alfa, sannan ya iya ƙara shi. Da labarin ya fita ga jama'a a 1968 sai aka yi ta rububin na'urorin alfa a Amurka, ana cewa an gano mabuɗin kwanciyar hankali. Wasu masu bincike biyu, Martin Orne da David Paskewitz, suka zuba wa wannan zance ruwan sanyi a 1974: sun gaya wa mutanen da suke gwadawa cewa za a ja su da lantarki, bugun zuciyarsu ya tashi, tsoro ya kama su, amma alfa ɗinsu bai ragu ba. Ke nan mutum zai iya kasancewa cikin alfa kuma cikin tsoro a lokaci guda. Amma a 1978 James Hardt da Kamiya suka bayar da rahoton cewa a wurin masu tsananin fargaba, raguwar fargabar tana tafiya tare da ƙaruwar alfa, abin da ba a gani ba a wurin masu ƙarancinta. Daga baya an yi gwaje-gwaje a kan waɗanda wani bala'i ya bar wa tabo a zuciya, tun daga aikin Eugene Peniston da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam har zuwa gwajin Bessel van der Kolk na 2016, kuma sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa.

Na yarda cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma na 2016 an kwatanta masu horo ne da waɗanda ke jiran layi, ba da masu horon bogi ba, don haka bai raba tasirin na'ura da tasirin kulawa ba. Masu binciken fannin su ma sun san da wannan rauni, shi ya sa a 2020 masu goyon baya da masu suka suka haɗu suka fitar da ƙa'idojin yadda ya kamata a tsara gwaji a kuma bayar da rahotonsa. Abin da nake cewa kawai shi ne, akwai mutanen da ba sa iya buɗe baki su yi bayanin abin da ke damunsu, akwai kuma waɗanda ƙwaya ba ta karɓe su ba, kuma ga irin waɗannan, hanyar da ba ta da illa mai yawa, wadda ke koya wa jiki natsuwa, tana da gurbinta a matsayin ƙari a kan magani. Wanda ya ce miki za ta maye gurbin likita, ko ya yi miki alkawarin warkewa, ko ya nuna miki taswirar ƙwaƙwalwa mai launin ja ya ce ga ciwonki nan, ki yi hattara da shi, domin ba a gano ciwon fargaba ko rashin barci da irin wannan taswira.

Game da ƙwayar, don Allah kada ki yanke ta da kanki. Wasu magungunan barci da na fargaba, musamman dangin diyazefam, idan jiki ya saba da su aka tsayar farat ɗaya, rashin barcin yakan dawo fiye da da, har ma suna iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likitan da ya rubuta shi ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali.

Uwar Biyu ta rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya jikina ya ɗan yi sanyi, domin na riga na ɗora rai a kan abin. Idan ba wannan ba, kuma ba ƙarin ƙwaya ba, to mene ne ya rage? An sha gaya mini in daina shan kofi da yamma, in ajiye waya, in sa ɗaki ya yi duhu, duk na yi, babu abin da ya canza. Yanzu har nakan kwanta tun ƙarfe tara don in ba barcin isasshen lokaci, in kuma ƙara kwanciya da rana idan na samu dama.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Malama, jimlarki ta ƙarshe ta fi duk abin da muka tattauna muhimmanci. Shawarwarin da aka ba ki na kofi da waya da duhu suna da kyau, amma su kaɗai ba sa warkar da rashin barcin da ya daɗe, kuma ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta faɗi haka a jagorarta ta 2021. A wannan jagorar ce ta ba da shawara mai ƙarfi a kan maganin da ake kira CBT-I, wato gyaran tunani da ɗabi'un barci ba tare da ƙwaya ba, ba ta kuma ba da shawara a kan horo da na'ura ba saboda hujjar ba ta isa ba. Tun a 2016 ma Kwalejin Likitocin Amurka ta ce CBT-I ne ya kamata a fara da shi ga babban mutum mai daɗaɗɗen rashin barci, kafin ƙwaya, kuma jagorar Turai ma a kan haka take. Ana kiran rashin barci daɗaɗɗe idan yana faruwa aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku yana kuma taɓa ayyukan rana, kin ga naki ya wuce wannan iyaka tuni. Maganin yakan ɗauki zama 4 zuwa 8 ne kawai.

Wani masanin barci, Arthur Spielman, ya yi bayanin cewa abin da ya haifar da rashin barci daban, abin da ke raya shi daban. Wataƙila wata damuwa ce ta fara hana ki barci shekara biyu da suka wuce, amma abin da ke riƙe da shi yanzu shi ne dabarun da kika ɗauka don ki rama. Idan kika kwanta ƙarfe tara barci bai zo ba sai biyu, kin shafe awa biyar kina koya wa ƙwaƙwalwarki cewa gado wurin juyi da tunani ne, kuma kwanciyar rana tana cinye yunwar barcin da ya kamata ta taru ta kai ki dare. Wannan ma horon ƙwaƙwalwa ne, sai dai a baibai, kuma kina yin sa kowane dare ba tare da na'ura ba.

CBT-I yana juya horon ne. Kashi na farko, wanda Richard Bootzin ya tsara a 1972, shi ne kada ki hau gado sai barci ya kama ki sosai, idan kuma kika kwanta kamar minti 20 bai zo ba, ki tashi ki koma wani wuri mai ƙarancin haske ki yi wani abu marar tayar da hankali har sai ya dawo, sannan ki tashi a lokaci guda kowace safiya ko yaya daren ya kasance. Kashi na biyu, na Spielman a 1987, shi ne a taƙaita lokacin kwanciya ya yi daidai da barcin da kike samu a zahiri. Idan kika riƙa rubuta lokutan barcinki a littafi har mako biyu, ya nuna awa biyar da rabi kike yi, to awa biyar da rabi za ki kwanta, sai barcin ya haɗe ya daina yankewa, sannan a riƙa ƙara minti 15 zuwa 30 a mako. Ba na ɓoye miki, makon farko da na biyu suna da wuya, za ki ji barci da rana fiye da yadda kika saba, kuma a nan ne mutane da yawa ke janyewa. Kashi na uku shi ne aiki a kan tunanin da ke zuwa da dare, irin su lissafin awannin da suka rage da hasashen yadda gobe za ta lalace, kuma wannan kashin yana taɓa fargabar rana ma. Taƙaita kwanciya bai dace a yi shi ba tare da likita ba ga mai farfaɗiya, ko mai ciwon da ke sa yanayinsa hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, ko mai tuƙi da aiki da injina.

Kafin komai, ki koma wurin likitanki ki nemi a duba abubuwan da ke ɓuya a bayan rashin barci. Bugun zuciya da fargaba marar dalili suna iya zuwa daga yawan aikin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, kuma gwajin jini ne ke nunawa. Idan kina minshari mai ƙarfi ko an ce numfashinki yana ɗaukewa cikin barci, ko ƙafafunki suna damun ki da son motsi da dare, wanda wani lokaci ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ke kawowa, kowannensu maganinsa daban ne, kuma babu horon da zai gyara su.

Mai Haƙuri ya rubuta:

Karanta wannan ya tuna mini da abin da ban kawo a bayanina na farko ba, domin ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Matar da ta yi mini horon, tun a zama na biyu ta sa ni rubuta lokacin kwanciyata da na tashina, ta hana ni barcin rana, ta kuma ce in daina hawa gado kafin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Ni a lokacin na ɗauka sharaɗin na'urar ne, kamar yadda ake cewa kada a ci abinci kafin gwajin jini. Littafin yana nan a wurina, zan duba in ga ko sauƙin ya fara ne a makon da na canza lokacin kwanciya, in dawo in faɗa muku.